Tukunare: Kifin da ke farauta a garke, da darasinsa ga mai son kiwon kifi

Yau za mu ɗan ajiye maganar tarwaɗa da kajin gidan gona, mu leƙa wata nahiya mu ga wani kifi da masu fatsa ke tashi daga wata ƙasa zuwa wata domin su kama shi. Mutanen Burazil na ce masa tukunare, Turawa kuma suna kiransa peacock bass, wato sun jingina shi da ɗawisu saboda adonsa. Ba kifin ruwanmu ba ne, kuma ba tallarsa muke yi don wani ya je ya nemo ba. Abin da ya sa muka kawo shi shi ne, halin da ya sa kama shi ke da daɗi a tafkin dam, wato farauta a garke, shi ne dai halin da ke sa ya share ƙananan kifaye a yawancin ruwan da aka kai shi. Duk mai shirin haɗa kifi mai cin kifi da karfasa a kwami ɗaya, ko mai sha'awar shigo da sabon iri, akwai abin da zai ɗauka a nan.

WANE IRIN KIFI NE?

Tukunare ɗan dangin karfasa ne, masana sun sa su a gida ɗaya. Sai dai ita karfasa tana rayuwa da gansakuka da ƙananan halittun ruwa da ɗan abincin da ka watsa mata, shi kuwa da zarar ya ɗan tasa, kifi ne abincinsa. Asalinsa kogin Amazon da kogin Orinoko da kogunan yankin Guyana ne, duk a Kudancin Amurka. Yana da jinsi aƙalla 15, waɗanda masana ke haɗa su ƙarƙashin sunan Cichla. Mafi girma a cikinsu yakan kusa mita ɗaya a tsawo, an kuma taɓa kama wanda ya kai kilo 13 a Burazil. Amma waɗanda aka fi gani a garke a tafkunan dam matsakaita ne, yawanci kilo ɗaya zuwa uku.

Jikinsa kore-kore ne da ruwan ɗorawa, da baƙin zane a tsaye a gefe. A gindin wutsiya akwai baƙin ɗigo mai zobe, sai ka rantse ido ne, irin wanda ke jikin gashin ɗawisu. Idan lokacin haihuwa ya zo, namijin yakan fito da tozo a goshi. Namansa fari ne mai tauri, ba shi da yawan ƙaya, shi ya sa yake da kasuwa.

Halayensa uku za ka riƙe, domin duk bayanin da zai biyo baya a kansu ya tsaya. Na ɗaya, da ido yake farauta, don haka da rana yake cin abinci, da dare sai ya lafe. Na biyu, ba ya jure sanyi: idan ruwa ya sauko wajen digiri 15 a ma'aunin Salsiyas, mutuwa yake yi. Na uku, uwa da uba tare suke gadin ƙwai da 'ya'ya.

ME YA SA RUWAN DAM YA KARƁE SHI?

Idan aka datse kogi, ruwa yakan daina gudu, laka ta kwanta a ƙasa, ruwan ya washe. Mai farauta da ido kuwa babu abin da yake so irin ruwa garau. Ga itatuwan da ruwa ya shanye lokacin cika dam, ga duwatsu, ga tsofaffin tuddai da suka koma tsibirai, duk wuraren kwanton ɓauna ne.

Akwai kuma maganar haihuwa. Da yawa daga kifayen kogi sai sun yi ƙaura zuwa sama da damina kafin su zuba ƙwai, bangon dam kuma ya tare musu hanya. Tukunare ba ruwansa da wannan tafiya. Dutse mai faɗi ko kututture a wuri marar zurfi ya ishe shi. Ma'auratan za su share wurin, macen ta zuba ƙwai dubbai, su tsaya a kai suna korar duk abin da ya matso. A Filorida an ƙiyasta ƙwai 4,000 zuwa 10,000 a zubi ɗaya. Bayan ƙyanƙyasa ma iyayen na tare da 'ya'yan na tsawon makonni. Kifin da ake yi wa irin wannan reno, dole yawansa ya haɓaka da wuri.

Wannan ne ya sa ya kafu a tafkin Guri na Benezuwela, da tafkin Gatun na Panama, da dam-dam masu yawa a kudu da arewa maso gabashin Burazil, har da madatsar Wahiawa da ke tsibirin Oahu a Hawai, wadda tun asali aka gina ta domin ban ruwan rake.

YADDA GARKEN KE FARAUTA

Bayan an gama reno, kifayen da girmansu ya zo ɗaya sukan haɗu su riƙa yawo tare. Abin da suke nema shi ne gungun ƙananan kifaye masu sheƙi da ke yawo a tsakiyar ruwa. Idan suka same su, sai su shiga ta ƙarƙashinsu, su riƙa tura su sama, ko su matse su a jikin gaɓa ko bakin wani lungu. Ƙaramin kifi in ya iso saman ruwa, hanya ta ƙare masa. Nan ne za ka ga ruwa yana tafasa kamar tukunya, ƙananan na tsalle, manyan na kai sara, ƙarar na zuwa maka tun daga nesa.

Tsuntsaye masu cin kifi ba a bar su a baya ba. Da sun hango, sai su taru a sama suna faɗowa suna ɗauka. Abin ba ya daɗewa. Wani lokaci ko minti ɗaya ba a yi sai garken ya nutse, can kuma ya sake ɓullowa a wani wuri gaba kaɗan, domin abincin ya matsa.

YADDA AKE KAMA SHI

Masu wannan fatsa suna amfani da sanda mai ɗan injin naɗe igiya, da kifin bogi na roba ko katako ko ƙarfe mai ɗauke da ƙugiya. Ga yadda aikin ke tafiya.

Da farko, ido ake sawa kafin a taɓa sanda. Mai fatsa yakan tsayar da jirgi a inda zai iya hango fili, ya duba tsuntsaye, ya duba inda ruwa ke motsi ba tare da iska ba. Safiya bayan rana ta fito da kuma yamma kafin ta faɗi su ne lokutan da garken ya fi tasowa, amma tun da kifin rana ne, ko da tsakar rana ana samunsa. Da dare kuwa ɓata lokaci ne.

Na biyu, ba a faɗa wa garke da inji. Wanda ya danno jirgi da gudu zuwa tsakiyarsu ya tarwatsa abincin, ya kuma nutsar da garken, shi bai samu ba, na kusa da shi ma bai samu ba. Ana kashe inji tun daga nesa, a bar iska ta turo jirgin, ko a ƙarasa da filafili. Gwanaye ma ba sa bin garken ta baya. Sukan lura da inda ya dosa, su je gaba su jira shi.

Na uku, ana jifa ne a wuce garken, sannan a jawo kifin bogin ya ratsa ta cikinsu ko ta gefe, kamar wani ɗan kifi da ya ɓalle daga 'yan uwansa. Kuma da sauri ake ja. Wannan shi ne inda baƙi suka fi yin kuskure: idan kifin ya kai sara bai samu ba, sai su tsaya cak. Tukunare kuwa abin da ke gudu yake bi. In ka tsaya, sau da yawa sai ya duba ya gane, ya juya. In ka ci gaba da ja, ya sake biyowa.

Na huɗu, girman kifin bogi ya yi daidai da abin da suke ci a ranar. Idan 'yan kifayen da ake kora ba su wuce tsawon yatsa ba, babban abu ba zai yi aiki ba. Idan suna sama, ana sa mai yawo a saman ruwa, wani ma da 'yar farfela a wutsiya mai fesa ruwa. Idan sun nutse, sai a koma ga ƙugiya mai kan dalma da aka ɗaura wa gashi, ko wani ɗan ƙarfe mai siffar cokali, a bar shi ya sauka sannan a riƙa fizgowa. Sau da yawa manyan na ƙasa da garken suna tsintar waɗanda suka ji rauni, don haka mai haƙurin barin ƙugiya ta nutse yakan fito da wanda ya fi na kowa. A Filorida kuma da yawa sun fi son ƙaramin kifi mai rai a ƙugiya.

Na biyar, idan ɗaya ya kamu, sauran sukan biyo shi har gindin jirgi suna neman ƙwace abin da ke bakinsa. Shi ya sa idan mutum biyu ne a jirgi, ɗayan ba ya gaggawar fito da nasa, sai abokinsa ya jefa a kusa. A haka akan kama biyu a tashi ɗaya.

Na shida, da ya ji ƙugiya, wurin itace yake nufa. Idan ya samu ya naɗe igiya a reshe, shi ke nan. Don haka ake sa igiya mai ƙwari, kuma tun sarar farko ake juya kansa zuwa fili. Ba shi da manyan haƙora irin na tsage, bakinsa kaushi ne da shi kamar sanfefa, ana iya riƙe shi ta leɓen ƙasa, sai dai babban yatsa ya sha kuja.

LOKACIN DA AKE ƊAGA MASA ƘAFA

Akwai wata alama da ke kama da ta garke amma ba ita ba ce. Za ka ga wani ɗan wuri a saman ruwa yana motsi kamar ana yayyafi alhali sama garau take. 'Ya'ya ne, dubbai, kuma iyayen na ƙarƙashinsu. Duk abin da ka jefa a nan za su sara, don tsaro ba don yunwa ba. Kama su ba wuya, amma in ka ɗauke iyayen, kafin wani lokaci sauran kifaye sun cinye 'ya'yan.

A wuraren da kifin ke kawo kuɗin baƙi, ana kiyaye wannan sosai. A Filorida doka ta ba mutum kifi biyu kacal a rana, kuma ɗaya ne kawai zai iya wuce inci 17, wato wajen santimita 43. A madatsar Wahiawa kuwa in ka kama, sakinsa za ka yi. A can an gane cewa kifin da aka saki wani baƙon zai sake biyan kuɗin jirgi ya zo nemansa.

ABIN DA YA FARU A PANAMA

To, ga ɗaya gefen labarin. Tafkin Gatun dam ne da aka yi ta hanyar datse kogin Chagres lokacin gina mashigin ruwan Panama, ya cika a 1913, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 400. Wajajen 1967 aka kawo 'ya'yan tukunare daga Kolambiya aka zuba a wani ɗan tafki na kiwo da ke yankin. Da damina ta yi ƙarfi, tafkin ya cika ya tumbatsa, kifin ya bi rafi ya shiga kogi, daga kogi ya gangara Gatun. Babu wanda ya yi niyyar zuba shi a babban tafkin. Ambaliya ce ta yi aikin.

A 1973 wasu masana biyu, Thomas Zaret da Robert Paine, suka wallafa abin da suka gani. A inda kifin ya iso, shida daga cikin jinsunan kifi takwas da a da suka fi yawa sun ɓace. Tsuntsayen da ke rayuwa da waɗannan ƙananan kifaye suka ragu. Sun kuma lura da alamar ƙaruwar sauro, domin cikin waɗanda aka cinye har da masu cin tsutsar sauro. Bayan shekara 45 wasu masanan suka koma suka sake aunawa, sakamakonsu ya fito a 2017: yawan kifayen asali na bakin gaɓa ya yi ƙasa da kashi 96 cikin 100 idan aka kwatanta da kafin zuwan baƙon. Wato tafkin bai farfaɗo ba.

A Burazil ma an ga irin haka a madatsar Rosana da ke kan kogin Paranapanema, inda cikin 'yan shekaru kaɗan da bayyanar kifin, yawan ƙananan kifayen da ke zama cikin ciyawar ruwa ya faɗi da wajen kashi 95 cikin 100. Idan abinci ya ƙare kuma, tukunare yakan juya kan 'ya'yansa.

Yau mutanen Panama na kiransa sarhento, wato saje, saboda zanen da ke jikinsa, kuma akwai masu cin abinci da kama shi da kai baƙi fatsa. Ribar gaskiya ce, asarar ma gaskiya ce. Bambancin shi ne, ribar ana iya samunta ta wata hanya, amma kifin da ya shiga tafki mai wannan girma babu tarun da zai fitar da shi.

INDA AKA YI DA LISSAFI

A 1984 hukumar kula da kifi da namun daji ta jihar Filorida a Amurka ta zuba tukunare da gangan a magudanan ruwan da aka haƙa a yankin Miyami. Matsalarsu ita ce baƙin kifaye sun cika magudanan, musamman wata karfasa mai ɗigo-ɗigo wadda asalinta Afirka ta Yamma ce, har da kudancin Nijeriya. Tamu ce ta je can ta zame musu ciwon kai.

Kafin su saki kifin sai da suka yi shekaru suna gwada shi a tafkunan bincike. Abin da ya ba su ƙwarin gwiwa shi ne wurin yana da shinge na halitta: in kifin ya yi arewa, sanyin hunturu zai kashe shi, in ya gangara teku, gishiri zai tare shi. Hakan kuwa aka gani, domin tsananin sanyin watan Janairun 2010 ya kashe da yawa daga cikinsu. Ya rage karfasar, ya kuma zama abin da ke jawo masu fatsa zuwa yankin. Kifi ɗaya ne a Panama da Filorida. A wuri ɗaya ya tsere ba shinge, a ɗayan an san iyakarsa tun kafin a sake shi.

ABIN DA YA SHAFE KA

Duk wanda ya taɓa zuba karfasa maza da mata a kwamin ƙasa ya san matsalar. Tun suna ƙanana, 'yan watanni kaɗan, suke fara haihuwa, kuma ba sa tsayawa. Ranar kwashewa sai ka tarar da kwami cike da 'yan mitsi-mitsi, buhunan abincinka sun tafi a kan kifin da ba mai saye da daraja. Ɗaya daga cikin maganin shi ne a sa kifi mai cin kifi ya riƙa rage 'ya'yan. A Burazil da Puerto Rico an gwada tukunare a wannan aiki. Mu a nan ba ma buƙatarsa, domin muna da tarwaɗa, wadda ta saba da ruwanmu, irinta na samuwa a kusa, kasuwa kuma ta san ta. Wata hanyar ita ce ka sayi karfasa zalla maza daga wurin ƙyanƙyasa da ka amince da shi.

In za ka haɗa, lura da girma. Mai cin kifi ba ya tambayar wanne ne jarinka, wanne ne rarar haihuwa. Duk abin da ya shiga bakinsa abinci ne. Don haka karfasa ake fara zubawa, ta girma ta wuce bakin tarwaɗa, sannan a kawo tarwaɗa ƙanana kuma kaɗan. Wannan ƙa'idar ce dai ta sa ake tace 'ya'yan tarwaɗa akai-akai ana ware waɗanda suka yi wa sauran zarra, in ba haka ba ka zuba dubu ka kwashe ɗari shida.

Sai lissafin abinci. Kifin da ke rayuwa da kifi sai ya ci kilo da dama kafin ya ƙara kilo ɗaya. Yana da amfani a matsayin mai gadi da ke cin abin da dama asara ne. Amma in ka ce shi za ka yi kiwo, kana sayen kifi kana ba kifi, lissafin zai yi wuyar fita.

Na ƙarshe kuma mafi nauyi, kada ka ɗauki baƙon kifi ka kai ruwan da ba ka da iko da shi. Ana sayar da 'ya'yan tukunare a duniya a matsayin kifin ado na akwatin gilashi, kuma yau ana samunsa a tafkunan Singafo da Maleshiya, nesa da gidansa. Shingen sanyin da ya taimaki Filorida ba abin dogaro ba ne a manyan ruwayenmu masu ɗumi, ga shi kuma a haɗe suke. Abin da ya fita daga dam ɗin Tiga zai bi kogin Kano zuwa Haɗeja, daga nan ya kama hanyar Yobe har tafkin Chadi, inda dubban masunta ke neman abinci. Mun ma ga misali da kifinmu: giwan ruwa, wanda a kogin Neja da tafkin Chadi yake zaune da sauran kifaye tun fil azal, da aka kai shi tafkin Victoria a Gabashin Afirka a shekarun 1950, ya taimaka wajen ɓacewar jinsunan ƙananan kifaye wajen 200.

Saboda haka kafin damina ta kankama, zagaya kwaminka. Ɗaga gaɓar ta wuce inda ruwa ya taɓa kaiwa a shekarar da aka fi ruwa. Sa raga mai ƙananan ido a bututun shiga da na fita, ka riƙa duba ta bayan kowane ruwan sama. Kada ka haƙa kwami a kan hanyar ruwa. In wani ya kawo maka irin da ba ka sani ba yana cewa ya fi tarwaɗa saurin girma, tambaye shi sunan kifin, da abin da yake ci, da inda aka samo shi, sannan ka kai maganar ofishin kula da kamun kifi na jiharku kafin ko ɗaya ya taɓa ruwanka.